Sabon fasalin kwamfutocin da ake jita-jita a kai: a jira ko a sayi wadda ke kasuwa?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana kayan kwamfuta ce da masu gyara.

Maganar da ke ta yawo ita ce kamfanin Apple zai sauya wa MacBook Pro fasali gaba ɗaya: allon OLED (irin allon da ƙwayoyinsa ke ba da haskensu da kansu) wanda ake taɓawa da yatsa, jiki ya ƙara sirancewa, a kuma cire baƙin yankan nan da ke saman allo inda kyamara take. A ɓangaren masu Windows ana ta ambaton wani sabon RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, da ake ɗaurewa da noti, da laftof masu firosesa irin ta waya. Kwamfutar tebur ma an ce wayoyinta za su koma bayan bod, wasu kuma na cewa zamanin babban akwati ya wuce.

Wanne ne ke da tushe, wanne ne hasashe kawai? Mai aikin haɗa bidiyo da zane, wanda ke buƙatar laftof ɗaya da ta tebur ɗaya da za su kai shi shekara biyar, ya jira ko ya saya? Kuma idan fasali ya sauya, me zai shafa a wajen gyara da samun kayan gyara, ga zafi, ga ƙura, ga wutar da ba ta tsayawa?

Tsohon_Injiniya

Wa alaikumus salam. Malam, jita-jitar kwamfuta hawa-hawa ce, don haka kafin ka ɗauki labari duba ta wace ƙofa ya shigo.

Mafi rauni ita ce takardar rajistar ƙirƙira. Manyan kamfanoni na yi wa dabaru barkatai rajista don kada wani ya riga su, akasarinsu kuma ba sa taɓa zama kayan sayarwa. Kyawawan hotunan da ake watsawa a YouTube ma masu zane ne suka haɗa su daga tunaninsu. Wanda ya fi wannan shi ne labarin da ke fitowa daga masana'antun da ke ƙera sassa, domin ba a ƙera allo ko hinji dare ɗaya: sai an ba da oda, an girke injina, an yi gwaji wata da watanni, idanu da yawa sun gani. Mafi ƙarfi kuwa shi ne lambar samfurin da ta bayyana a rajistar hukumar sadarwa ta Amurka, ko a cikin manhajar gwaji ta kamfanin, ko zanen bod da ya fita. A Afrilun 2021 masu kutse na REvil sun sace zane-zane daga Quanta, kamfanin Taiwan da ke harhaɗa wa Apple kwamfutoci, aka ga ramin HDMI da na katin SD da na cajar MagSafe mai maganaɗisu a jiki. Da watan Oktoba ya zo, haka kwamfutar ta fito.

Maganar OLED a hawa na tsakiya take, amma tana da ƙwari. Ming-Chi Kuo, mai bin diddigin masana'antun Asiya, da Mark Gurman na Bloomberg, dukkansu sun faɗa a 2025 cewa MacBook Pro mai OLED da taɓawa na tafe tsakanin ƙarshen 2026 da farkon 2027. Abin da ke ba maganar nauyi shi ne kuɗin da aka zuba. A 2023 Samsung Display ya sanar da gina layin ƙera OLED a Asan ta Koriya ta Kudu, wanda zai riƙa yanka allo daga gilashi mai milimita 2,290 da 2,620, fiye da ninki biyu na gilashin layin allon waya mai 1,500 da 1,850. Don laftof da tablet ake gina irin wannan layi. Apple kuma ya riga ya gwada fasahar a iPad Pro na Mayun 2024. Lissafin shekaru ma ya zo daidai, domin an sauya wa MacBook Pro jiki a 2008, 2012, 2016 da 2021.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne sirancewar, saboda an taɓa bin wannan hanya. A 2016 da aka rage kauri, batirin mai inci 15 ya sauko daga wat-awa 99.5 zuwa 76. An sa kibod ɗin da suka kira mai ƙirar malam-buɗe-littafi, wanda 'yar ƙura kaɗan ke maƙale masa harafi, har sai da kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018. Wayar da ke kai wa allo haske ta yi gajarta, buɗewa da rufewa na cinye ta, hasken ƙasan allo ya rarrabu kafin ya mutu. A 2018 aka cusa firosesa mai ƙarfi, Core i9, a wannan siririn jiki, zafi ya riƙa tilasta mata rage gudu. Sai a 2021 aka dawo da kauri, mai inci 16 ta kai milimita 16.8, iska ta samu hanya, ramuka suka dawo. A zubin farko na sabon jiki ne irin waɗannan kurakurai ke fitowa, domin gwajin masana'anta ba ya kama abin da shekara biyu na amfani ke kamawa.

Shi OLED ɗin, ga mai bidiyo yana da daɗi: kowace ƙwayar haske kanta take kashewa, baƙi ya zama baƙi na gaske, babu kewayen hasken da ake gani a allon yanzu, wanda ke rarraba fitilun bayansa zuwa yankuna sama da 2,000. Amma farin shafi na jan batir a OLED fiye da duhu, kuma abin da ke zaune wuri ɗaya awa takwas kullum, kamar layin umarnin saman allo da layukan manhajar haɗa bidiyo, yana iya barin inuwa ta dindindin. Shi ya sa ake jera hawa biyu na ƙwayoyin hasken, kowane hawa ya ɗauki rabin aiki, ya daɗe bai gaji ba. Wasu allunan OLED kuma suna rage haske ta hanyar ƙyaftawa da sauri, akwai masu jin ciwon kai da hakan. Taɓawa da yatsa ita ma tana da nata: dole a ƙara wa hinji tauri don kada allon ya riƙa rawa, hinji mai tauri kuwa ƙarfinsa a kan notinansa da murfi yake ƙarewa.

Mai_Gyaran_Bod

Baba Injiniya ya gama da allo, Allah ya ƙara basira. Ni a ganina sauyin da zai fi taɓa aljihu ba a ganinsa daga waje, a RAM yake.

Mutane na ɗauka mugunta ce kawai ta sa ake manne RAM da dalma a jikin bod. Akwai neman riba a ciki, amma akwai dalilin aiki. Nau'in LPDDR, wanda ke shan wuta kaɗan, da ƙaramin bolt yake aiki kuma da gudu sosai, don haka layukan jan ƙarfen da ke tsakaninsa da firosesa dole su zama gajeru. Ramin SO-DIMM na RAM mai cirewa da muka sani na tsawaita hanyar, saƙon ya raunana. Shi ya sa RAM mai cirewa na laftof yawanci a DDR5-5600 yake tsayawa, na mannewa kuma ya haura 7500.

Sabon da ka ji labarinsa shi ne CAMM. Dell ne ya fara sa shi a Precision 7670 a 2022, ƙungiyar JEDEC mai tsara ma'aunin RAM ta amince da CAMM2 a Disambar 2023, sannan Lenovo ya fito da ThinkPad P1 zubi na 7 a 2024 da LPCAMM2. Wannan ya wuce jita-jita, kaya ne da ke kasuwa. Faranti ne shimfiɗaɗɗe da ke kwanciya a kan bod, noti uku ke danne shi a kan wani siririn mahaɗi mai ɗaruruwan ƙananan ƙafafu. Faranti ɗaya na ɗauke da hanya biyu, bit 128, ba sai an nemi tagwaye ba. Wurin sa shi: a zare wayar batir tukuna, a kwance notinan bisa lambobin da aka rubuta a murfinsa, kada yatsa ya taɓa mahaɗin, a tabbatar babu ƙura ko kaɗan, sannan a ɗaure kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Idan aka ƙulle noti ɗaya tamau kafin sauran, farantin zai karkace, wasu ƙafafun ba za su taɓa ba, kwamfuta ta ƙi tashi. Kunnawar farko allo kan yi baƙi na ɗan lokaci tana auna sabon RAM ɗin, kada a kashe ta.

Hasashen shi ne ko zai yaɗu zuwa laftof masu sauƙin kuɗi. Alamu biyu ne masu karo da juna. Intel ya sa RAM a jikin firosesa kanta a Core Ultra 200V na Satumbar 2024, giga 16 ko 32, babu ƙari har abada, daga baya shugaban kamfanin na lokacin, Pat Gelsinger, ya ce ba za su maimaita ba domin yana cin ribarsu. Wannan ya bar ƙofa a buɗe. A ɗaya gefen, Framework, kamfanin da aka san shi da kwamfuta mai sauƙin gyara, da ya fito da ta tebur a 2025 mai Ryzen AI Max, manne RAM ɗin ya yi, domin hanyar bit 256 da firosesar ke buƙata ba ta jure mahaɗi ba. Apple kuwa tun firosesar M1 ta 2020 RAM ɗinsa a gefen firosesa yake a kunshi ɗaya, babu wata alama da ke nuna sabon jiki zai sauya haka. Don haka mai sayen Mac ya sayi RAM ɗin shekara ta biyar tun ranar farko. Ga bidiyo mai 4K, giga 16 na yi yau, amma 24 ko 32 ne zai kai ka.

Na biyu, ramin caji. Sababbin laftof na barin zagayayyen fulogi suna komawa USB-C. Ramin yana da ƙafafu 24 a ɗan wuri, kuma ƙafar da ke ɗauke da bolt 20 na maƙwabtaka da ƙafar da caja da kwamfuta ke tattaunawa ta cikinta, wadda ba ta jure wannan wuta. Ƙura mai laima ko karkataccen kan waya na iya haɗa su, ƙaramar na'urar da ke kula da caji ta ƙone. Idan ramin manne yake a babban bod, sai an sa iska mai zafi da gwanin hannu, wani lokaci layukan bod su ɗago. Idan a ƙaramin bod nasa yake ko da noti aka ɗaure shi, aikin minti goma sha biyar ne. MacBook Pro na 2021 ramukansa na USB-C ana cire su daban, Dell ma ya koma ɗaure su da noti a jerin Dell Pro na 2025. Wannan ne abin da zan fara dubawa a duk wani sabon fasali.

Kada a manta allon MacBook: ba a sayar da gilashinsa shi kaɗai daga kamfani, murfin ake canzawa ɗungurungum, kuma akwai 'yar na'urar da ke gane an rufe murfi, wadda sai an daidaita ta da manhajar Apple bayan canji. A ƙara OLED da taɓawa a kai, fashewar allo za ta ƙara tsada, kuma za a daɗe kafin na hannu su iso Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja.

Mai_Neman_Sani

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya da Malam mai gyara. Saura ta tebur. Idan da sola da inbata ake aiki, babban akwati ya fi ko ƙaramar irin Mac mini? Kuma bod mai wayoyi a baya ya isa a saya?

Mai_Harhaɗa_Tebur

Ɗan'uwa, kwamfutar tebur hanya biyu ta rabu, kowace da inda ta nufa.

Ƙananan sun riga sun sauya. Mac mini ya riƙe jiki ɗaya tun 2010, faɗin santimita 19.7, sai a Oktoban 2024 ya koma santimita 12.7 kowane gefe, tsayi 5, USB-C biyu a gaba, babu tsohon USB-A ko ɗaya, maɓallin kunnawa a ƙasansa. Wanda ya riƙe jiki shekara goma sha huɗu ba zai sake wani gobe ba, don haka a nan babu abin jira, firosesa kawai za ta riƙa sauyawa. Mai firosesa M4 na shan kusan wat 4 idan yana zaune, wat 65 idan an matsa masa iyaka. Yi lissafi: a ce wat 30 a tsakaice da allo mai wat 30, awa takwas ya zama wat-awa 480. Babban akwati mai katin girafik da ke jan wat 400 wurin fitar da bidiyo, awa takwas wat-awa 3,200 ne. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, idan na ruwa ne rabi ake sha don ya yi ƙarko, wato 1,200. Ka ga amsar sola ta fito da kanta.

Abu biyu a kula a Mac mini. Ta gindinsa yake shaƙar iska yana fitarwa, don haka kada a ajiye shi a kan kafet ko ƙasa, a ɗora shi a tebur mai tsabta, a riƙa goge ƙarƙashinsa lokacin hunturu. Sannan ma'ajiyarsa, ko da yake ana zare ta, ba SSD ɗin kasuwa ba ce: ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta a cikin firosesa take, idan an canza sai an haɗa shi da wani Mac an sake zuba masa manhaja daga tushe. Ya fi sauƙi a sayi SSD na waje mai Thunderbolt don fayilolin bidiyo. A saitinsa akwai inda ake cewa ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, wannan ya rage wahalar maɓallin ƙasan.

Babban akwati kuwa har yanzu a kan ma'aunin bod da akwati na ATX yake, wanda Intel ya fitar a 1995, kuma ba na ganin zai tafi nan kusa. Bod mai mahaɗai a baya gaskiya ne: ASUS na da BTF, MSI na da Project Zero, Gigabyte na da Stealth. Amfaninsa kyan gani ne da ɗan sakin iska. Sharaɗinsa akwati mai ramuka daidai wurin mahaɗan, da isasshen fili a baya, in ba haka ba murfin zai danne wayar mai ƙafa 24 ya lanƙwasa ta. Ba a kuma shimfiɗa irin wannan bod a kan tebur wurin haɗawa, ƙafafun da ke baya za su lanƙwashe, a kan soson kwalinsa ake ɗora shi. Idan ya lalace bayan shekara uku, bod na gama-gari zai shiga akwatin, don haka ba tarko ba ne, amma gudun aiki ko na sakan ɗaya ba ya ƙarawa. Ga mai neman kuɗi da kwamfutarsa, kuɗin ya fi amfani a RAM.

Inda sauyin fasali ke da haɗari na gaske shi ne wayar wutar katin girafik. Tsohon fulogi mai ƙafa 8 wat 150 yake ɗauka a kan wayoyi uku masu bolt 12, kowace amfiya 4 da ɗoriya, da sauran sarari mai yawa. Sabon mai ƙafa 16, wanda ya shahara da katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia a 2022, an tsara shi ya ɗauki wat 600. Raba 600 da 12, amfiya 50 ke nan, a kan wayoyi shida, kowace 8.3, alhali iyakar ƙafar 9.5 ne. Idan ƙafa ɗaya ba ta zauna daidai ba, sauran su ɗauki kayanta, roba ta narke. Nvidia ya danganta narkewar farko da rashin tura fulogin har ƙarshe. Gyaran da aka yi, 12V-2x6, ya gajarta ƙananan ƙafafu huɗu masu ba da izini, ta yadda idan bai shige duka ba katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba. Amma a katuna da yawa wayoyin shida wuri ɗaya suke haɗuwa, katin bai san wacce ke ɗauke da nawa ba, ga shi RTX 5090 na 2025 na jan wat 575. Don haka a sayi akwatin wuta mai ATX 3.1 da wayarsa ta asali, a tura har a ji ƙas, kada a lanƙwasa wayar sai bayan santimita uku da rabi daga fulogi, kada a yawaita cirewa da mayarwa domin kusan sau 30 aka tsara masa. Mai mitar matse waya da ke auna wutar batir zai iya gwada kowace waya ana cikin aiki, idan ɗaya ta zarce sauran da yawa a canza wayar. Kuma ba a ɗaukar wayar akwatin wuta na wani kamfani a sa a na wani, ko da ta shiga, jerin ƙafafun ba ɗaya ba ne.

Kan jira: AMD ya yi alkawarin riƙe mazaunin firosesa na AM5 har 2027 ko fiye, mai sayen bod ɗinsa yau zai iya sauya firosesa gaba. Intel ya bar LGA1700 ya koma LGA1851 a Oktoban 2024, kuma ya saba sauya mazauni bayan zubi biyu ko uku.

Malama_Mai_Manhaja

Sannunku da ƙoƙari. Ina da ja kaɗan a kan yadda aka ɗauki tambayar, domin jiran da ake magana a kai na mai sayen sabuwa dal ne. Akasarin laftof ɗin da ke kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama bayan shekara uku ko huɗu. Fasalin da zai fito a 2026 sai wajen 2029 ko 2030 zai zo da farashin da yawancin mutane za su iya. Abin da sabon fasali ke yi wa mai saye a nan tun da wuri shi ne karya farashin tsohon, domin masu canzawa za su zubo nasu. Idan akwai ribar jira, ita ce samun MacBook Pro mai jikin 2021, wanda an riga an san lafiyarsa da cutarsa, a farashi mai sauƙi.

Sai maganar firosesa irin ta waya. Snapdragon X ta shigo laftof na Windows a Yunin 2024 ƙarƙashin sunan Copilot+, batirinta na daɗewa, ba ta zafi sosai. Manhajojin da aka rubuta don Intel na tafiya ta hanyar wani mai fassara da ake kira Prism, amma direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, ba ya fassaruwa, sai an rubuta shi musamman don Arm, tsarin da Snapdragon ke kai. Tsohuwar firinta, na'urar ɗaukar sauti, akwatin filashin waya, makullin lasisi na USB da wasu manhajojin zane ke amfani da shi, duk a duba shafin kamfaninsu a ga akwai direban Arm kafin a biya kuɗi. Ƙarin kayan da ake liƙa wa manhajar bidiyo ma a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda zai sayi ta hannu mai Windows ya tuna Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman kariyar tsaro ta TPM 2.0 da Intel zubi na 8 ko Ryzen 3000 zuwa sama (wasu Ryzen 2000 na tebur ma na shiga). Masu zubi na 6 da na 7 sun cika kasuwa da araha saboda wannan dalili.

Zafi kuma ba ƙaramin abu ba ne. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da MacBook a ɗaki mai digiri 10 zuwa 35. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu na haura 40. Fanka ba ta sanyaya firosesa ƙasa da iskar da ta shaƙa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, an rage wa firosesa sarari. MacBook Air tun daga M1 ba ta da fanka sam, jikinta ke shanye zafin, doguwar fitar da bidiyo za ta sa ta ja da baya. Siririyar laftof da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Kalifoniya ba lallai ta ba da wannan gudun a nan ba. Batir ma zafi da zama a cike kullum ne ke kumbura shi, a tsayar da cajinsa a kashi 80 idan kwamfutar na da wannan saiti.

Tsohon_Injiniya

Malama ta yi gaskiya, na karɓi gyara. Zan ƙara abu ɗaya da ba hasashe ba ne, doka ce. Tarayyar Turai ta wajabta caji ta USB-C ga laftof daga 28 ga Afrilu 2026, sannan daga 18 ga Fabrairu 2027 dokar batir ta ce mai kaya ya iya cire batirinsa ya canza da kayan aikin da ake samu a kasuwa, ba tare da zafi ko sinadarin narkar da gam ba. Kamfani ba ya son ƙera jiki biyu don kasuwa biyu, saboda haka wannan zai biyo kayan har inda muke.

Ga mai sola akwai riba a USB-C ɗin. Ana iya cajin laftof kai tsaye daga batir da cajar mota mai PD, wato tsarin cajin sauri na USB-C, a tsallake asarar inbata, amma a tabbatar mai ɗaga bolt ce zuwa 20, domin da yawa saukarwa kawai suke yi. Wayar ma a duba: marar ƙwaƙwalwa a kai amfiya 3 take bari, wat 60 ke nan, mai ita ce ke kai amfiya 5, wat 100. MacBook Pro mai inci 16 na cajin sauri da wat 140 a bolt 28, sai caja da wayar da suka san wannan hawa.

Mai_Neman_Sani

Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: a gaban mai shago, ta yaya zan gane RAM manne ne, kuma me zan gwada kafin in biya?

Mai_Gyaran_Bod

A Windows buɗe Task Manager, shiga Performance, danna Memory. Idan ka ga SODIMM a wurin Form factor, ana cirewa. Idan ka ga Row of chips, manne ne. Wani lokaci yana nuna ramukan da babu su, don haka tabbatar da littafin gyaran samfurin, Dell da HP da Lenovo duk suna sa nasu kyauta a intanet. Samfuri ɗaya ma na sauyawa daga zubi zuwa zubi: ThinkPad T14 zubi na 5 na 2024 ramuka biyu gare shi, waɗanda suka riga shi kuwa suna da manne. Ga batir, rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, ka gwada abin da yake ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi a kai. Ƙasa da kashi 80 a rage maka kuɗin batir.

A Mac, sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ya haɗa ta da intanet, ku bi matakan farko har ta buɗe. Idan ta nemi asusun Apple na wani, ko ta nuna wani kamfani ne ke kula da ita, ajiye ta, domin tun daga masu na'urar tsaro ta T2 na 2018 wannan kulle ba ya fita da sake zuba manhaja. Duba adadin zagayen cajin batir a System Information, Apple 1,000 ya ƙiyasta masa. Gwada caja a kowane ramin USB-C, ka juya kan wayar ta fuska biyu, domin rami na iya mutuwa ta fuska ɗaya. Idan allon OLED ne, buɗe hoto mai launin toka zalla ya cika allon, ka rage haske zuwa kashi 20, inuwar da ta zauna a nan take bayyana. Daga nan ka sa ta fitar da bidiyon 4K na minti goma, kana sauraron fanka, hannunka a kan murfin ƙasa kana jin ko ya kumbura.